Daƙiƙa Uku a Kan Turɓaya

Asabar ɗin da ta wuce saura kaɗan mu ɓata da wani yaro a filin da muke atisayen zari-ruga, wato wasan rugby. Daga Rigasa yake zuwa tun da duku-duku, wani lokaci ya taka da ƙafa mai nisa kafin ya samu keke. Dako yake yi a kasuwa, don haka ba sai na tsaya kwatanta muku kafaɗunsa ba. Ya karɓi ƙwallo, ya bangaje na farko, ya ja na biyu a ƙugunsa kamar akuyar da ta tumɓuke turke, sai da na uku ya zo suka taru suka kai shi ƙasa. Ya ci mita goma ko fiye. Daga nan sai ya kwanta a kan ƙwallon kamar kaza a kan ƙwai. Ɗan lamba tara ya iso yana lalube a ƙarƙashin cikinsa, yana ta ihu, "Sake mana! Sake!" Na busa usur, na ba ɗaya ɓangaren bugun hukunci.

Ya miƙe yana kakkaɓe ƙura, ransa a ɓace.

"Haba Koci, mutum uku fa na ja."

"Ka ja su, na gani. Yanzu ƙwallon tana hannun wa?"

Bai amsa ba. Ya juya ya tofar da yawu mai ƙasa-ƙasa, ya koma layi.

Ni lamba tara na buga duk tsawon shekarun da na yi ina wasa, kuma duk wanda ya buga wannan lamba ya san irin takaicin da nake nufi. Aikinka ka iso inda aka kayar da ɗan uwanka, ka ɗauki ƙwallo, ka wurga wa na gaba. Idan ka iso ka tarar da ita a fili, a ajiye, tana jiranka, kai ne gwani a idon 'yan kallo. Idan ka tarar an binne ta a ƙarƙashin cinyoyi da gwiwoyi, kana tono kamar mai haƙar gwaza, to kai za a zaga, a ce lamba tara ba shi da sauri. Shekara da shekaru na sha wannan zagin a kan laifin da ba nawa ba. Wani lokacin kuma nawa ne, zan zo wurin.

Ga waɗanda ƙwallon ƙafa kawai suka sani: a zari-ruga idan aka kayar da mai ƙwallo, wasa bai tsaya ba. Doka ta ce wanda ya kayar ya saki mutum nan take ya mirgine gefe, wanda aka kayar kuma ya ajiye ƙwallon ko ya miƙa ta ba tare da ɓata lokaci ba. Da zarar mutum ɗaya daga kowane ɓangare sun haɗa jiki a kan ƙwallon, suna tsaye da ƙafafunsu, to an shiga abin da ake kira rak. Yaranmu turmutsitsi suke cewa, kuma sunan ya dace. Daga wannan lokacin kowane ɓangare yana da layin da ba zai ƙetare ba, wato daidai ƙafar mutuminsu na ƙarshe a cikin turmutsitsin. Wanda ya wuce ya yi satar gida.

Duk maganar sauri a nan take. Masu tsaron gida dole su koma bayan wannan layin, su bazu, su ɗaga kai su ƙirga mutum nawa ne a gabansu, kowa ya san wanda zai tare. Wanda ya yi kayen yana ƙasa, bai ma tashi ba. Idan ƙwallo ta fito cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, ba su gama wannan lissafin ba, wasu suna ja da baya ne lokacin da ku kuke tahowa a guje. Masu nazarin wasan ma abin da ke ƙasa da daƙiƙa uku suke kira ƙwallo mai sauri. Idan ta kai shida ko bakwai kuwa, sun jeru reras kamar sahun Idi, sun huta, har suna nuna ku da yatsa suna rabon wanda kowa zai ɗauka. Mita goman da yaron Rigasa ya ci da ƙarfin tuwo, a karo na gaba za a mayar da ku baya biyar.

Ranar da abin ya zauna mini a kai sosai ita ce 28 ga Satumba, 2019. Asabar ce da safe a nan, muka lallaɓi wani mai gidan kallo ya tayar mana da janareta, tunda ba a fara ƙwallon Ingila ba sai rana. Mu bakwai ne ko takwas a kan benci. Japan da Ayalan a gasar cin kofin duniya, a Shizuwoka. Ayalan a lokacin tana cikin manyan duniya, mutanen koci Joe Schmidt, waɗanda aka san su da riƙe ƙwallo rak bayan rak ba sa kuskure. Japan ta ci su 19 da 12. Abin da na zuba wa ido shi ne hannun 'yan Japan idan sun faɗi. Kafin ƙirjin mutum ya gama taɓa ciyawa ya riga ya ƙanƙance ya miƙe, ƙwallo tana can bayansa, mutum biyu sun tsallake kansa, lamba tara ya wurga. Ƙattin Ayalan suna ta komawa layi suna haki. Shekara huɗu kafin nan, a 2015, Japan ɗin ce ta doke Afirka ta Kudu 34 da 32 a Biraiton. Mu da yawancin yaranmu ba su da nauyin a zo a gani, wannan ce hanyar da ta rage mana.

To amma me ya sa abu mai sauƙi haka yake ba mu wuya? Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma ga inda na tsaya, ko da wasu za su ce na cika fassara. Yaron da ya tashi a Tudun Wada ko Kawo ko Rigasa, kafin ya taɓa ganin ƙwallo mai siffar ƙwai ya riga ya san kokawa, ya san dambe, ya yi langa. A duk waɗannan, ƙasa ita ce ƙarshen zance. A kokawa da an kai ka ƙasa an gama, makaɗa sun juya ga wanda ya yi kaye. A dambe ma wanda ya faɗi cewa ake an kashe shi. Saboda haka idan aka kayar da yaro a zari-ruga, jikinsa yana gaya masa abin da ya saba ji tun yana ɗan shekara shida: an gama da kai. Sai ka ga ɗayan biyu. Ko dai ya saki jiki ya kwanta shame-shame, kunya ta rufe shi, ko kuma ya ƙi faɗuwa sam, ya tsaya yana turjiya a tsaye har mutum uku su rungume shi da ƙwallon, su hana shi kaiwa ƙasa, alƙalin wasa ya ba su sikiram, wato turereniyar da 'yan gaba ke haɗa kafaɗa su yi don a sake fara wasa. Na biyun ya fi ba ni haushi, domin 'yan kallo tafa masa suke yi.

Abin da nake ta fama in cusa musu shi ne, a wannan wasan wanda aka kayar bai fita daga aiki ba, yana da sauran daƙiƙa ɗaya da ta fi duk gudun da ya yi muhimmanci. Kuma shirin wannan daƙiƙar tun yana tsaye yake farawa.

Idan ka nufi ƙirjin mai tare ka kai tsaye, shi zai zaɓa maka yadda za ka faɗi, kuma rigingine zai zaɓa, ƙwallo tana sama a ɓangarensu. Don haka taku biyu na ƙarshe su ne na kauce wa tsakiyarsa, ka nufi gefen kafaɗa ko hannunsa, inda ba shi da ƙarfi. Ƙwallo ta koma hannun da ke nesa da shi. Ka rage tsawo, ka ci gaba da tuƙa ƙafafu ko bayan ya kama ka, taku biyu ko uku gajeru, domin ka faɗi gaba, kuma domin 'yan uwanka su samu lokacin isowa. Amma kada ka zarce. Akwai lokacin da turjiya take komawa asara, kuma alamarsa ita ce idan ka ji mutum na biyu ya fara cusa hannu ƙarƙashin ƙwallon. Nan take ka nemi ƙasa da kanka.

Faɗuwar kanta, ina ce musu su yi kamar za su ci tirai, wato dire ƙwallo a gidan abokan hamayya don samun maki: ƙwallo a ƙirji, hannu biyu a kanta, a sauka da kafaɗa da gefen jiki. Ba a tokare ƙasa da tafin hannu. Wannan ba a littafi na karanta ba. Wata shekara cikin hunturu, filin ya bushe ya zama kamar daɓen siminti, aka ɗauke mini ƙafa na miƙa hannun hagu in tare, na ji ƙas a tsintsiyar hannuna. Sati shida ina yawo da karan ɗori, ga shago ba mai kula da shi. Har yau idan sanyi ya shigo wurin yana tuna mini.

Sai abin da na fi ɓata lokaci a kai, wato miƙa ƙwallo bayan an sauka. Yawancin yara idan sun faɗi a gicciye suke kwanciya, jiki ya tare faɗin fili, su ɗan tura ƙwallo gefen cikinsu da hannu ɗaya. A haka tazarar da ke tsakanin ƙwallon da abokin hamayya faɗin jikinka ne kawai, taku ɗaya ya tsallake ka ya sa hannu. Abin da muke so shi ne mutum ya yi amfani da ƙugu da gwiwoyi ya wuntsila jikinsa lokaci guda, kansa ya koma yana kallon gidansu, ƙafafunsa suna nuna gidan abokan hamayya, sannan ya miƙe hannu biyu iyakar tsawonsu ya ajiye ƙwallon can. Yanzu tsakanin mai son sata da ƙwallon akwai tsawon mutum guda da hannayensa. Ƙari a kan haka, doka ta ce duk mai shigowa ya shigo ta bayan nasa ɓangaren, ta abin da ake kira ƙofa, kuma faɗin ƙofar gwargwadon yadda mutanen da ke ƙasa suka kwanta ne. Wanda ya kwanta a tsaye ya tsuke ƙofar, mutum ɗaya ma zai iya tsare ta. Wanda ya gicciye ya buɗe ta wangam.

Motsi ɗaya ne fa, ba biyu ba. Idan ka tsaya rarrafe ko kana ta mirgina da ƙwallo a hannu, alƙali zai busa maka rashin saki. Kuma ajiyewa ake yi, ba jefarwa ba. Ƙwallon nan ba ta da amana, idan ka sake ta da ƙarfi za ta yi tsalle ta nufi inda ta ga dama, lamba tara ya bi ta yana tuntuɓe. Yatsu su zauna a kanta sako-sako har ka ji an ɗauke.

Ga yadda muke koyon wannan ba tare da kayan da ake gani a bidiyon Turawa ba. A gefen filin akwai tulin yashin da wani mai gini ya sauke ya bari, mun roƙe shi ya bar mu mu baje kaɗan. Yaro zai kwanta rub da ciki a gicciye, ƙwallo a ƙarƙashin ƙirjinsa. Sai in cire silifas ɗina in ajiye a bayansa, nesa da shi daidai inda sai ya miƙe sosai zai kai. In na busa usur, ya wuntsila ya ɗora ƙwallon a kan silifas ɗin. Sau goma ta dama, sau goma ta hagu, domin kowa yana da ɓangaren da ya fi masa sauƙi kuma a wasa ba a tambayarka. Idan ya fara iyawa sai in matsar da silifas ɗin da ɗan yatsa biyu ba tare da ya lura ba. Bayan nan sai in tsaya a kansa ni da kaina, ina busawa ina kai hannu. Wanda na riga shi taɓa ƙwallon zai zagaya fili. Yaran sun tsani wannan atisayen, yashi yana shiga wando da kunne, ga ciwon ciki washegari saboda naman cikin ne ke yin aikin. Uwargida kuma ta ce, "Maigida, wai kai koci ne ko kwasar yashi kake zuwa yi?" domin ita ke ganin abin da ke zuba daga aljihuna.

Wanda nake kwaikwayo idan na tsaya a kan yaro shi ne dila. Haka Turawan ma suke kiransa da harshensu, kuma ban taɓa jin sunan da ya dace da mai shi kamar wannan ba. Shi ne mai tsaron da ke isowa farko, kafin a haɗa rak, ya tsaya da ƙafafunsa, ya sunkuya ya damƙi ƙwallon. Doka ta ba shi dama muddin ta ƙofa ya shigo kuma bai jingina nauyinsa a kan wanda ke ƙasa ba. Ko dai ya ɗauke ta, ko wanda ke ƙasa ya ƙi saki a busa masa. Richie McCaw na Niyu Zilan da David Pocock na Ostareliya sun ci abinci da wannan sana'a shekaru. Maro Itoje, ɗan asalin Najeriya da ke jagorantar Ingila, duk tsawonsa yana yi. Sai dai dila ba ya samun komai sai an bar masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwallon da aka ajiye nesa, da mai taimako da ya iso a kan lokaci, dila sai dai ya duba ya koma layi.

Mai taimakon nan ma akwai magana a kansa, amma zan taƙaita. Babban kuskurensa shi ne kallon ƙwallo maimakon kallon mutum. Idan ya iso ba kowa a kanta, ya tsallake ya tsaya daram, ko ya ɗauka ya wuce. Idan dila ya riga shi, ya shiga ƙarƙashin ƙirjinsa, kafaɗa ba ta yi ƙasa da ƙugu ba, ya rungume da hannu ya tura shi baya. Ba a shiga da tsinin kafaɗa, ba a kusantar kai ko wuya, ba a yin nutso a kan mutane. A da akwai dabarar da muke koya wa yara, ka rungumi dila ta ƙirji ka murɗe shi gefe ku faɗi tare, yadda kada ke yi wa abin da ya kama. Mu 'yan garin kadduna har alfahari muke da sunan. Hukumar wasan ta duniya ta haramta ta daga 1 ga Yuli, 2024, saboda gwiwoyin da take lalatawa, kuma na yarda da su. Ƙafar mutum tana kafe a ƙasa ka murɗe samansa da nauyinka, me kake jira ya faru? A nan da ba mu da kuɗin aikin gwiwa, yaro ɗaya ya samu wannan rauni ya bar wasa ke nan, wataƙila har da dakon da yake ci da shi.

Akwai abokin aikina da muke horar da yaran tare, ya girme ni, shi a gaba ya buga, lamba uku. Kullum muna musu. Shi a ganinsa duk wannan wuntsile-wuntsilen ƙawa ce, a samu ƙatti biyu su share duk wanda ya tsaya, ƙwallo za ta fito. Nakan ce masa, "Yaya, mutum nawa za ka zuba a kowane rak?" Idan mai ƙwallo ya ajiye ta da kyau, mutum ɗaya ko biyu sun isa. Idan ya ɓata, sai an zuba huɗu, ga shi ku goma sha biyar ne, cire na ƙasa, cire lamba tara, saura tara su fuskanci mutum goma sha uku da suka jeru. A wasan 'yan bakwai-bakwai, wanda shi muka fi samun bugawa saboda ƙarancin mutane, abin ya fi muni: mutum uku a rak, kusan rabin ƙungiya ke nan. Inda nake sallama masa shi ne maganar gajiya. Ya ce duk dabarar da ka koya wa yaro a minti goma na farko, a minti goma na ƙarshe huhunsa ne zai yanke hukunci. Gaskiya ne. Shi ya sa yanzu muke yin atisayen silifas a ƙarshe, bayan sun yi gudu sun jigata, ba a farko ba.

Na ce zan dawo kan laifin lamba tara. Na ɗauki wasanmu da waya wata rana, na zauna da dare ina ƙirga daƙiƙa daga faɗuwar mutum zuwa fitar ƙwallo. Sau da dama mai ƙwallo ya yi nasa, masu taimako sun yi nasu, tana nan a fili, sai yaron da na koyar da kaina ya iso, ya tsaya, ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya ɗauke ta, ya yi taku biyu a gicciye, sannan ya wurga. Daƙiƙa biyu sun tafi a banza. Na gane takun nan biyu sarai, nawa ne, a wurina ya gani. Dubawa tun kana tahowa ake yi, ka iso ka riga ka san inda za ta. Ƙafa ɗaya kusa da ƙwallo, ɗayar tana nuna wanda za ka ba, ka share ta daga ƙasa kai tsaye ba tare da ɗagawa ko ja da hannu baya ba. Duba Aaron Smith a tsofaffin wasannin Niyu Zilan, ko Antoine Dupont na Faransa. Alƙali yakan ba da daƙiƙa biyar idan ya ce a yi amfani da ita, amma wannan na mai son ɓata lokaci ne ko mai shirin bugawa sama.

Kafin mu tashi ranar Asabar ɗin na sake haɗa su wasa na minti goma. Yaron Rigasa ya karɓi ƙwallo, aka kama shi a gwiwa, ya faɗi gaba, sai na ga ya wuntsila kamar tarwaɗa a tudu, ya miƙe tsawonsa, ya ajiye ta can baya. Lamba tara bai ko tsaya ba, hannu biyu suka taɓa ta, ƙaramin cikinsu da ke gefe ya ruga ba wanda ya taɓa shi. Ba wanda ya tafa wa na ƙasa, duk suka bi mai tirai da ihu. Ya tashi yana duba gwiwar hannunsa da ta saɓule. A karo na gaba da ya samu ƙwallo, ya sake tsayawa kokawa da mutum uku a tsaye har aka ƙwace.

Da za mu rabu na ce ya taho mana da buhunan da ba a so daga kasuwa, guda huɗu, za mu cika su da dusar katako mu samu abin turawa. Ya ce, "To Koci." Ya ɗan yi jim, sannan ya tambaya ko zai iya tafiya da ƙwallo ɗaya gida zuwa Asabar. Uku gare mu gaba ɗaya, ɗaya ma tana sacewa. Na ba shi mai sacewar.